Gargaɗin Baba da motar zamani: dole ne a jira turbo ya huce?

Wannan makon maganar mota zan yi, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa ɗalibar tattalin arzikin noma da aikin kanikawa. Abin da ya haɗa mu shi ne wata takwas da na yi ina zama a cikin mota minti biyar duk sa'ad da na isa inda za ni, inji na kunne, ina kallon agogo kamar mai jiran a sha ruwa.

Wani dare cikin watan Yuli na dawo daga makaranta wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Daga jami'armu ta A&T zuwa gidan hayar da nake zaune, kusa da titin Gate City, bai kai mil huɗu ba, kuma rabin tafiyar tsayuwa ce a danja. Na faka na zauna kamar kullum. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Gabana ya faɗi, don daren Amurka ba wurin da mace za ta so a ƙwanƙwasa mata gilashi ba ne. Ashe maƙwabcinmu ne, wani dattijo ɗan Maraɗi da dukanmu muke kira Kawu. Yana cikin 'yan Nijar ɗin da suka daɗe a Greensboro, kuma sana'arsa sayen motoci a gwanjo yana aikawa Kwatano.

"Ɗiyata, lahiya? Kullum in na dawo sai in ishe ki zamne cikin mota ke ɗai. Ko an ɓata miki rai a makaranta?"

Na ce masa lafiya lau, Kawu, mota nake jira ta huce, mai turbo ce.

Ya dubi motar, ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Daga makaranta zuwa nan? Wace wahala ta sha da za ta huce?"

Na ji haushin dariyar, domin ba da ni kaɗai ya yi ta ba. Dokar ta Babana ce.

Baba ya yi shekara fiye da ashirin yana jan tankar mai ƙirar Mack, mai hoton kare a goshi, daga Apapa zuwa arewa, ta Jebba da Mokwa da Tegina. Ina yarinya, in ya iso gida Funtuwa, mukan ji rurin motar tun daga nesa mu fito da gudu. Amma ba ya saukowa nan take. Sai ya faka, ya bar ta a silo, yaron mota ya sa weji, shi kuwa yana zaune a sitiyari yana jan carbi. In muka dame shi sai ya ce, "Ba a kashe mota da zafinta." Ranar da na gaya masa cewa babban ofishin kamfanin Mack a garin da nake karatu yake, tare da na Volvo mai kula da manyan motocinsu a Arewacin Amurka, sai da ya sa na maimaita. Ya ce in na wuce in gaishe su.

Don haka da na tara ɗan abin da jami'a ke biyana na sayi wata ƙaramar motar hannu, ƙirar Japan ta 2017 mai injin lita 1.5, na aika masa hoto da bayani ta WhatsApp. Da ya ji akwai turbo, amsarsa gajeruwa ce: "Uwata, Allah ya sa alheri. Kada ki kashe ta da zafinta." Motar nan ita ce dukiyata mafi girma a ƙasar nan. Greensboro ba gari ba ne da za ka dogara da bas in kana fita daga ɗakin bincike tsakar dare. In ta lalace, ba ni da kuɗin wata. Shi ya sa na riƙe gargaɗin da hannu biyu, na kuma yanka masa minti biyar da kaina.

Dariyar Kawu ce ta sa na tashi bincike. A&T jami'a ce da ta yi suna wajen yaye injiniyoyi baƙar fata, don haka ban sha wahalar samun wanda zan tambaya ba. Wani ɗan Kumasi, ɗan Zango mai Hausa zaƙwai, da ke digirin digirgir a fannin injina, ya zauna da ni ya zana mini abin a takarda. Na kuma ɗauko littafin motata daga aljihun gaba, wanda tun da na saye ta ban buɗe ba. Ga abin da na fahimta.

Menene turbo, kuma me ke ƙona shi?

Inji abu biyu yake ci, mai da iska. Ƙarfinsa ya dogara ne ga yawan iskar da ta shiga cikinsa, don mai ba ya ci sai da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san wannan: gawayin ɗaya ne, amma in yaro ya dage da zugazugi sai wuta ta yi jajir ta narka ƙarfe. Turbo shi ne zugazugin inji. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji zuwa salansa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Da haka ƙaramin inji ke yin aikin babba ba tare da ya sha mai kamar babba ba.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905, kuma a jiragen ruwa da na sama da manyan injinan dizal ta fara aiki. Sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A ƙarshen shekarun 1970 Saab da Mercedes da Peugeot suka fito da nasu. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne turbo ya bar motocin 'yan gayu ya shigo motar talaka, saboda dokokin rage shan mai. Ford ta fito da injinanta na EcoBoost a 2009. Chevrolet Cruze ta zo da turbo, Honda Civic ta samu nata a ƙirar 2016, CR-V a 2017, Accord a 2018. Har Toyota Highlander ta ajiye injinta mai silinda shida ta koma turbo a 2023. Yau sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka masu turbo sun kai kashi ɗaya cikin uku. Da yawa daga cikinmu suna tuƙa mai turbo ba su ma sani ba.

To ina matsalar zafi ta fito? Injin mota a kan babbar hanya yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti. Sandar turbo kuwa tana wuce 150,000, ƙanana ma sukan haura 200,000. Hayaƙin da ke juya ta, in injin fetur na aiki da dukan ƙarfinsa, yana iya wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, har ƙarfen gidan fankar ya yi ja. A yawancin turbo, abin da ke tsakanin wannan sanda da mazauninta wani siririn baƙin mai ne kawai, wanda famfon inji ke turowa. Man nan aiki biyu yake yi: yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma kwashe zafi ya tafi da shi.

Da ka murɗa makulli ka kashe, famfo ya tsaya, mai ya daina gudu. Amma zafin da ke jikin ƙarfen bai tafi ko'ina ba. Sai ya bi sanda ya gangaro wurin boris, inda ɗan man da ya rage yake kwance. Ɗan Kumasin ya yi ta kawo mini sunayen Turanci, ni kuwa da na gane abin sai na ce masa ai ƙanzo ne. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san cewa in ka daina juyawa alhali gindin tukunya na da zafi, na ƙasa zai kama. Haka man yake dahuwa ya zama baƙin dasƙararren abu. Ba rana ɗaya yake kashe turbo ba. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har siririyar hanyar man ta toshe, boris ya fara ci, shuɗin hayaƙi ya fara fita ta salansa, mota ta fara kuka kamar jiniya, ƙarfinta ya ragu.

Maganin a wancan zamani shi ne a bar inji a silo. A silo hayaƙi ba shi da zafi sosai, mai kuma yana ci gaba da zagayawa yana kwashe abin da ya taru. Har wata na'ura aka ƙera da ake ɗaura wa mota, ta bar inji na aiki minti ɗaya ko biyu bayan an cire makulli. Ke nan Baba da abokansa na Tafa da Mararrabar Jos ba camfi suke yi ba. Tanka cike da mai, zafin arewa, baƙin mai irin na da, turbon da mai kaɗai ke sanyaya shi: wanda ya kashe nan take, aljihun maigidansa ne zai ji. Har yau masu ƙera manyan injinan dizal irin su Cummins suna cewa a bar inji minti 3 zuwa 5 a silo bayan ya yi aiki da cikakken lodi.

Abin da ya sauya

Abu uku ne suka raba motata da tankar Baba.

Na farko ruwa. Tun tsakiyar shekarun 1980 masu ƙera ƙananan motoci suka fara ratsa ruwan lagireto ta tsakiyar turbo. Hikimar ita ce ruwan nan ba ya tsayawa cak in an kashe inji. Ruwan da ya yi zafi yakan yi sama, mai ɗan sanyi ya maye gurbinsa daga ƙasa, kamar yadda ake gani a tukunya kafin ta tafasa. In an jera bututan daidai, sai ruwan ya ci gaba da zagayawa da kansa yana janye zafin. Wasu motocin, musamman na Jamus irin su Volkswagen da Audi da BMW, har da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da tura ruwa bayan an kashe. In ka taɓa fita daga mota ka ji wani ɗan gurnani ko fanka na juyawa a ƙarƙashin bonet, kada ka tsorata, aikinta take yi.

Na biyu baƙin mai. Man sintetik da ake zuba wa motocin yanzu ya fi na da jure zafi nesa ba kusa ba, ba ya saurin kamawa.

Na uku kwamfutar mota, wadda ke lura da zafin hayaƙi tana daidaita mai da iska don kada ya wuce iyaka.

Akwai kuma hujjar da kowa zai iya gani da idonsa. Motoci masu turbo da yawa yanzu suna kashe kansu in an tsaya a danja, su tashi da an ɗaga ƙafa daga birki. In da kashe inji a tuƙin gari na lalata turbo, babu kamfanin da zai ƙera motar da ke yin haka sau ashirin a rana alhali shi zai biya kuɗin gyara a shekarun garanti.

Littafin motata bai ce in jira ko daƙiƙa ɗaya ba. Wasu littattafan, kamar na motocin Toyota da Lexus masu turbo, suna da ɗan jadawali a kan wannan, kuma abin da ke ciki ya yi daidai da hankali: tuƙin gari ba ya buƙatar jira, amma bayan hawan dutse mai tsawo, ko jan tirela, ko gudu irin na filin tsere, a ba ta kamar minti guda.

Nan ne na ga inda gaskiyar Kawu ta tsaya da inda ta Baba ta fara. Kawu ya yi daidai: daga A&T zuwa gida, da danja da juyawa cikin unguwa da neman wurin fakin, motar ta riga ta huce tun kafin in tsaya. Ko daga Charlotte ko Raleigh na taso, da na sauka daga babbar hanyar I-85 ko I-40 na yi minti uku zuwa biyar ina tafiya a hankali cikin gari, hucewar ke nan, kuma ta fi ta tsaye, don iska na ratsa lagireto.

Amma akwai ranar da maganar Baba ke aiki. A hutun ƙarshen shekarar karatu mun tafi Asheville mu huɗu da jakunkuna, tafiyar wajen mil 170 yamma da Greensboro. Kafin a isa akwai hawan Old Fort, kusan mil shida mota na hawa ba sassauci. Tsananin gangaren ya sa a hannun masu saukowa an tanadi wurare cike da yashi don tirelar da birki ya ƙwace mata. A irin wannan hawan, da mutum huɗu da kaya da na'urar sanyi a kunne, ɗan ƙaramin injin nan da turbonsa suna aiki iyakar ƙarfinsu. Wanda ya kai ƙololuwa ya ratse gefe nan take don ɗaukar hoto, shi ne ya kamata ya ba ta minti ɗaya ko biyu. Haka wanda ya hau Boone ta hanyar 421, da ɗalibin da ya ɗaura wa motarsa tirelar haya yana ƙaura da katifa da littattafai, da wanda ya yi awa biyu yana gudu sannan ya ratsa wurin hutawa na bakin hanya, inda tsakanin gudu da tsayuwa bai kai rabin minti ba. Minti guda a irin waɗannan wurare ba ya rage komai, kafin ka tattara waya da jaka ya cika. 'Yan'uwanmu masu jan tirela a nan Amurka, su kuwa littafin injinsu za su bi, dokar Baba na nan daram a kansu.

Jiran da ba shi da amfani yana da nasa haɗari

Wani zai ce to ai ko ba ya amfani, ba ya cutarwa. Ni ma haka na ɗauka sai da na yi lissafi. Minti biyar sau biyu a rana, tsawon wata takwas, ya kama awa 40. Mako guda ke nan na aikin ma'aikaci a ƙasar nan na zauna ina ƙona fetur ina kallon bango, wani lokaci tsakar dare ni kaɗai a filin ajiye motoci.

Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gareji. Iyalai da yawa cikinmu sun koma gidaje masu gareji a haɗe da ɗakunan kwana. Mutumin da ya shiga gareji, ƙofa ta rufe a bayansa, ya bar inji na aiki wai turbo na hucewa, yana tara iskar kabon monoksaid ne, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mu da muka taso muna jin labarin iyalin da suka kwana da janareto a cikin gida aka wayi gari babu su, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Iskar ɗaya ce. Motocin da ake tayarwa da maɓalli sun ƙara wa abin muni, don mutum na iya fita da makulli a aljihu ya manta bai kashe ba. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2018 cewa mutum fiye da ashirin sun mutu ta wannan hanya a Amurka tun daga 2006. Duk wanda ke da irin wannan gida ya sa na'urar gano wannan iska kusa da ɗakin kwana, kuɗinta bai kai na cika tanki biyu ba. In ma akwai dalilin jira, a yi shi a waje kafin a shiga.

Sai masu barin mota a kunne su shige gida ko kanti, wai ta huce ko ta ɗumama. Wannan gayyatar ɓarawo ce, kuma dokar jihar North Carolina ta hana barin mota a kunne babu kowa a ciki a kan titi ko filin ajiye motoci na jama'a. Ko da safiyar Janairu, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da sifiri a Greensboro, rabin minti ya isa mai ya zagaya. Abin da turbo ke so da safe shi ne ka tafi a hankali mintunan farko, kada ka danne totur tun mai na da kauri.

Abin da ke kashe turbo a yau

Wata ƙawata 'yar Zariya, mai karatun aikin jinya, ita ce ta nuna mini ƙarshen labarin. Ta fi ni kiyaye jira, don ita har ƙararrawa take saitawa a waya. Amma cikin watan Oktoba motarta ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, ta kasa hawan gadar Wendover da ƙarfinta. Bakanike ya ce turbo ya tafi, gyara dala 1,900. Da ya cire bututun da ke kai masa mai, ya nuna mata, ya kusan toshewa da baƙin ƙanzo. Da aka bi diddigi, ta yi wata goma sha huɗu ba ta yi juye ba. Fitilar gargaɗi ta kama, wani ya koya mata yadda ake kashe ta, ta kashe. Juyen da ta yi na ƙarshe kuma a wani wuri mai araha ne, ba ta tambayi irin man da aka zuba ba. Ta yi ta jiran minti biyar a kan man da ya riga ya mutu. Sai da muka yi mata karo-karo.

Turbo yana cikin ɓangarorin inji da suka fi saurin jin jiki in mai ya tsufa, ko ya yi ƙasa, ko ba irinsa ba ne. Mu ɗalibai kuma irin tuƙinmu, gajerun tafiye-tafiye da inji ba ya gama ɗumama, ya fi saurin tsufar da mai. Don haka a duba murfin da ake zuba mai, ko littafin mota, a ga lambar da aka rubuta, 0W-20 ne ko 5W-30, a zuba shi ɗin. A duba bayan galan a ga tambarin API SP, wanda aka fito da shi a 2020, ko wanda ya biyo bayansa, don an tsara su ne da irin waɗannan ƙananan injina masu turbo a zuciya. In fitilar juye ta kama, a yi juye, har da filta. A riƙa zaro sandar awon mai sau ɗaya a wata. In za a sayi motar hannu, a nemi takardun juyen da mai ita ya yi a baya, kuma a tambaya ko mai turbo ce. Sau da yawa akan ga harafin T kusa da girman inji, kamar 1.5T ko 2.0T, ko sunaye irin su EcoBoost da TSI.

Da na kai wa Kawu wannan bayani sai ya daina dariya, don ya taɓo kasuwancinsa. Ya ce motocin da ake samu a gwanjo yanzu, in ka cire irin su Camry da Corolla, da yawansu masu turbo ne, kuma masu saye a Maraɗi da Kano sun fara gudun su, wai ba sa ƙarko. Ni a ganina ba hucewa ce ke kashe su a can ba. Motar da aka ƙera don 0W-20 ce take isa gida a ɗura mata 20W-50 daga durom, don shi bakanike ya saba zuba wa 504 da Golf. Ga ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska, a kakkaɓe ta a mayar, ko a cire gaba ɗaya, yashi ya riƙa cin fukafukan fankar da ke juyawa sau dubu ɗari da hamsin a minti. Duk wanda zai aika wa mahaifi ko ƙane irin wannan mota, ya sa galan biyu na man da ya dace da filtoci a but, ya kuma rubuta lambar man da manyan baƙaƙe ya manna a ƙarƙashin bonet. Kawu ya ce zai fara yin haka.

Saura Baba. Na yi kwana uku ina juya yadda zan gaya wa mutumin da ya yi shekara ashirin a sitiyari cewa dokarsa ta tsufa. Ranar Lahadi na kira shi bayan la'asar ɗinsu. Na bi a hankali, na yi masa bayanin ruwa da famfon lantarki da man sintetik. Ya saurara har na gama.

"Uwata, minti nawa kika ce kina zama?"

Na ce biyar, Baba.

"Daga ina?"

Na ce daga makaranta, kamar daga gidanmu zuwa tasha.

Ya yi shiru, sannan na ji yana kiran Inna ta zo ta ji. "Ai ni ma in daga gareji na ɗauko ta ba lodi, kashewa nake in sauko. Wancan zaman da kuke gani, daga Legas na taso da lita dubu talatin da uku a bayana. Na ce kada ki kashe ta da zafinta. Ban ce kullum tana da zafi ba."

Kafin in ce wani abu ya tambaye ni yaushe rabona da juye. Na faɗa masa. Ya ce wane mai aka zuba. Na karanto masa lambar daga rasit. Ya ce bai san irinsa ba, amma in shi masu motar suka rubuta, kada in yarda kowa ya canza mini. Ya sake tuna mini in gaishe da mutanen Mack.

Yanzu in na iso gida kashewa nake in fita. Kawu in ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ta huce?" Ranar da muka sake bin hanyar dutse kuwa, na ratse a sama na ba ta mintinta guda, ƙawayena na ta gunaguni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba inshorar mota ga sabon zuwa da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar nan, don wasunku sun rubuto suna kuka da tsadarta. Kafin nan, a buɗe aljihun gaba a ɗauko littafin nan a karanta. Allah ya tsare mu a kan hanya.